A daina raina gwajin fitsari

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi kira ga jama'armu na Sakkwato kan gwajin fitsari, aikin da na tsufa a kansa a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti.

Fitsarin mai lafiya ruwan ɗorawa ne mai haske, garau. In aka tsoma masa tsinken gwaji, bai kamata a ga suga ba, ko furotin, ko jini, ko alamar ƙwayoyin cuta. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ko cikin azumi, yakan yi duhu don ruwan jiki ya ragu. Mai shan maganin tarin fuka ma nasa kan yi jaja-jaja, kuma maganin ne ya jawo.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne mazubi. Na sha karɓar fitsari a kwalbar lemo ko ta maganin tari, an ɗauraye sama-sama, sai suga ya fito a takarda, hankalin gida ya tashi a banza. Don Allah a karɓi robar asibiti, a yi tsarki, a bar na farko ya zuba, a tari na tsakiya, a kai kafin awa 2.

Amma tsargiya ce ta fi tsaya mini a rai. Yaranmu da ke wanka da kamun kifi a gulbin Rima, daga Goronyo har Kwalkwalawa, sai ka ga jini na ɗiga a ƙarshen fitsarinsu, iyaye kuma su ce balaga ce. Wallahi ciwo ne. Tsutsa ce da ke fitowa daga dodon koɗi, ta shiga ta fata, ƙwayayenta su illata mafitsara, in aka bari har ƙoda ta taɓu. An fi ganin ƙwan a fitsarin da aka tara tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, maganinta kuwa, praziquantel, ba shi da tsada.

Mata masu juna biyu, kada ku tsallake gwajin nan ranar awo. Furotin a fitsari tare da hawan jini na iya zama gargaɗin jijjiga.

Ku kuma 'yan'uwana ma'aikatan lafiya, in kun miƙa wa mutum takardar sakamako, ku daure ku yi masa bayaninta da Hausa kafin ya tafi.

Naka,
Tsohon ma'aikacin ɗakin gwaji,
Mabera, Sakkwato.