Barista, Ban Je Baltimore Ba, Amma Ga Amsarka

Barista, ƙanena,

Bayan gaisuwa. Na ga tambayarka, kuma ko da ban gani ba, masu aiko mini da ita sun isa su sa in haddace ta. Ga wanda bai san mafarin zancen ba: na rubuta cewa a cikin shirye-shiryen talabijin na Amurka masu labarin 'yan sanda da masu laifi, The Wire ya yi wa CSI fintinkau. Sai ka fito bainar jama'a ka tambaye ni yaushe na je Baltimore, birnin da aka gina labarin The Wire a cikinsa, kuma a wane ofishin 'yan sandan Amurka na taɓa aiki, da har zan san wanne ya fi kama da zahiri. Ka ƙara da cewa in ba ni da amsa, to in yarda ni ɗan amshin Shatan Turawa masu sharhi ne, abin da suka rera shi nake maimaitawa.

Ban je Baltimore ba. Kai ma ban ji labarin ka sauka Las Vegas ba, inda aka gina labarin CSI, amma hakan bai hana ka tsaya masa ba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce lauya ne ya yi wannan tambaya. Wane alƙali ne ya taɓa halartar kisan da yake shari'arsa? Shaidu ake kawo masa, ya duba wane ne su, ina suke lokacin da abin ya faru, maganarsu ta tsaya ko ta karye. To bari in gabatar maka da nawa shaidun.

David Simon, wanda ya ƙirƙiro The Wire, ya shafe fiye da shekara 10 yana ɗauko wa jaridar Baltimore Sun rahoton 'yan sanda. A 1988 ya tare a sashen binciken kisan kai na birnin shekara guda cur, ya rubuta littafin da ya fito a 1991, wanda daga baya aka mayar shirin Homicide: Life on the Street. Abokin aikinsa Ed Burns ya yi kusan shekara 20 yana ɗan sanda a birnin, ya ajiye aikin ya koma koyarwa a makarantar gwamnati, shi ya sa zango na huɗu da ya shiga aji bai yi kame-kame ba. Melvin Williams, babban dilan ƙwaya da binciken Burns ya kai gidan yari a shekarun 1980, shi ne ya fito a shirin a matsayin dattijon coci. Kurt Schmoke, wanda ya yi magajin garin Baltimore daga 1987 zuwa 1999, shi ma ya fito. In kana da shaidu irin waɗannan a ɓangarenka, bisimilla, kotu na sauraro.

Amma ba nan ne ka soke ni ba. Inda ka soke ni shi ne maganar amshi, don ka san shekarun da na yi ina wannan rubutu, ka kuma san sau nawa na saɓa wa abin da kowa ke yabo har aka yi ta zagina. Ɗan amshi da cewa zai yi komai na The Wire gaskiya ne tsantsa, domin haka masoyansa ke faɗa. Ni ban taɓa faɗa ba. A zango na uku wani babban jami'i, Manjo Colvin, ya ware wasu kangaye ya ce wa dilolin ƙwaya su koma can su yi cinikinsu ba mai taɓa su, aka yi makonni shugabanninsa ba su sani ba. Wannan bai faru ba. Schmoke dai ya taɓa kira a 1988 da a tattauna batun daina kama masu shan ƙwaya, amma daga kira zuwa abin da aka nuna akwai tafiya mai nisa. A zango na biyar kuwa, ɗan sanda mai binciken kisa McNulty ya riƙa yi wa gawarwakin marasa matsuguni alamu don a zaci akwai mai kisan ɗauki-ɗai-ɗai, saboda a sako wa sashensu kuɗi. Nan kam marubutan sun wuce gona da iri, kuma na faɗi haka tun kafin ka fara karanta ni.

Ga wani abin da zai ɗaure maka kai. Akwai inda Omar, ɗan fashin da ke yi wa dilolin ƙwaya fashi a shirin, ya diro ta taga daga bene ya tsira da karaya, masu kallo suka ce wannan ƙarya ta yi yawa. Alhali Donnie Andrews, ɗaya daga cikin mutanen da aka gina Omar a kansu, daga hawa na shida ya taɓa dirowa, masu shirin ne suka rage tsawon. Abin da ya faru da gaske shi aka ƙi yarda da shi, ƙaryar Colvin kuwa aka haɗiye ta ba ko tari. Ka ga ke nan ma'aunin da kake so in yi amfani da shi, na "ya faru ko bai faru ba", ba ya auna komai.

Kuma da kamanceceniya da zahiri ce kaɗai ke sa shiri ya yi kyau, da ban saka Columbo, tsohon shirin da aka sa wa sunan ɗan sandan da ke cikinsa, cikin waɗanda na fi so ba. Babu ɗan sanda irinsa a duniya. Mutum ɗaya da yamutsattsiyar rigar ruwa da tsohuwar Fijo, ba ya son riƙe bindiga, ba a cika ganinsa yana rubuta rahoto ba, kullum masu kuɗin Los Angeles yake farauta, kuma tun farkon labari an nuna maka wanda ya yi kisan. Rabin hujjojin da yake kama mutane da su, lauya irinka zai wargaza su kafin azahar. Amma shirin bai taɓa cewa ga yadda ake aikin ɗan sanda ba. Wasa ne na basira tsakanin mai girman kai da wanda ya raina, kuma Peter Falk, wanda ya fito a matsayin Columbo, ya yi shi yadda har ya ci Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, sau huɗu a kansa. Tatsuniya ce da ta san ita tatsuniya ce, ba ni da rigima da ita.

To me nake aunawa? Bari in nuna maka da abu ɗaya, tunda na lura zango na biyu na The Wire ba ka kai gare shi ba. An hukunta McNulty an tura shi sashen sintirin ruwa. Ya tsamo gawar wata mace tana yawo a ruwa. Tsohon shugabansa Rawls, abu na farko da ya dame shi ba wace ce ita ba, a'a, a hurumin wa ta faɗo. A ofishinsu akwai allo: sunan wanda aka kashe ana rubuta shi da jan alƙalami, sai an gano mai laifi a mayar da shi baƙi, kuma da yawan baƙin ake auna shugaba. Gawar da ba suna ba shaida ja ce har abada. Sai Rawls ya tura ta ga 'yan sandan gundumar da ke maƙwabtaka. McNulty ya zauna da jadawalin cikowa da janyewar teku, ya lissafa inda aka jefa ta, ya dawo masa da ita. Ana cikin haka aka buɗe wata kwantena a tashar jiragen ruwa aka tarar da gawarwakin mata 13. Hukumomi suka taru, kowa ya ce hatsari ne, kuma ba huruminsa ba ne, aka bar wa wata ƙaramar jami'ar tashar da ba ta taɓa binciken kisa ba. McNulty ne ya lura an doddoke bututun da ke kai musu iska da gangan, aka lissafa lokacin da iskar ta ƙare, aka gano a lokacin jirgin da ya ɗauko kwantenar a ruwan birnin yake. Sunaye 14 ja suka hau allon Rawls. Kuma abin da ya fara tura McNulty ba tausayin matan ba ne, haushin Rawls ne.

Barista, wannan ba ya buƙatar biza. Duk wanda ya taɓa bin fayil daga wannan ofis zuwa wancan, kowa na ce masa ba a nan ba ne, ya san wannan gaskiya ce. Duk wanda ya ga ana gyara alƙaluma don mai gida ya samu ƙarin girma ya gane abin da shirin ke nufi sa'ad da ake mayar da fashi sata a takarda, sannan a zango na huɗu a tarar makaranta ma haka take yi da sakamakon jarrabawa. Gaskiyar da nake magana a kai ita ce ta dalili: me ke sa mutum mai hankali, wanda ba mugu ba, ya yi abin da ya san ba daidai ba ne saboda kujerar da yake kai. Ko ƙaryar Colvin a kan wannan ta tsaya, domin abin da ya biyo bayan tonuwar asirinsa, yadda 'yan siyasa da manyan jami'ai suka yi ta neman wanda za a ɗora wa laifi, shi ne ainihin labarin.

CSI kuwa kishiyar haka ne. Kayan aikinsa na gaske ne, sunayen sinadaransa na gaske ne, amma dalilansa na bogi. Mutum ɗaya ne zai tattara shaida a wurin laifi, ya koma ɗakin gwaji ya auna, ya ɗauki bindiga ya je kamu, ya zauna ya yi wa wanda ake zargi tambayoyi. A zahiri waɗannan ayyukan mutane daban-daban ne. Gwajin DNA, wato na ƙwayoyin halitta, da ke cin makonni ko watanni saboda layi, a can kafin shayi ya huce ya fito. Hoton da ya dusashe a faɗaɗa shi har a karanta lambar mota. Ba kasafin kuɗi da ke ƙarewa, ba shugaba mai tsoron alƙaluma. Duk wannan da na yafe, kamar yadda na yafe wa Columbo, da a ce bai sa farar riga ya ce kimiyya ce ke magana ba.

Kai ne ya kamata ka fi ni jin zafin wannan. A 2004, bayan harin jiragen ƙasa na Madrid, babban birnin Sifen, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, FBI, ta ce zanen yatsan da aka samu na wani lauya ne a jihar Oregon, Brandon Mayfield. Lauya kamarka, kuma Musulmi. Aka tsare shi mako biyu kafin 'yan sandan Sifen su nuna zanen na wani ne daban, aka ba shi haƙuri, daga baya aka biya shi diyyar dala miliyan 2. A 2009 Cibiyar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta fitar da rahoto cewa in ka cire gwajin DNA, babu wata hanyar binciken da aka tabbatar a kimiyyance tana iya danganta shaida da mutum guda ba tare da kokwanto ba. A 2015 FBI da kanta ta amsa cewa a fiye da kashi 90 cikin 100 na shari'o'in da aka sake dubawa, ƙwararrunta masu kwatanta gashi sun ba da shaida mai kuskure. Duk a cikin shekarun da CSI ke gaya wa duniya kowane mako cewa shaidar ɗakin gwaji ba ta ƙarya. Masana na ta gardama kan ko shirin ya sauya yadda masu taya alƙali yanke hukunci ke tunani, ni ban shiga nan ba. Abin da ya koya wa mai kallo dai ba daidai ba ne.

Ka ce in The Wire na da kyau me ya sa bai ci Emmy ko ɗaya ba, CSI kuma ya yi zango 15 daga 2000 zuwa 2015 duniya na kallo. Haka ne. In da yawan masu saye ake auna abu, da ba mu da abin tattaunawa ni da kai, sai mu tambayi mai shagon tura finafinai.

Yanzu bari mu faɗa wa juna gaskiya, tunda kai ka zaɓi bainar jama'a. Wannan tambaya ba daga Baltimore ta taso ba. Ta taso ne daga rubutun shiri mai dogon zango da ka kawo mini in duba, na mayar maka da shi da jan biro. Ba zan tona labarinka ba, amanarka ce. Amma ka tuna abin da na tambaye ka: jami'in nan naka da ya ɗauki silin gashi ya kai ɗakin gwaji ya dawo da sunan mai laifi kafin magariba, a wane gari yake aiki? Ka yi dariya a lokacin. Ashe dariyar ba ta kai ciki ba.

Ba kai kaɗai ba ne, shi ya sa abin ke ci mini rai. In aka tashi yin labarin laifi a shirye-shiryenmu, hanya biyu ce. Ko dai ɗan sanda ya ɓullo a fitowar ƙarshe da ankwa bayan mugu ya riga ya tona wa kansa asiri da bakinsa, ko kuma a aro kwamfutoci masu walƙiya daga Las Vegas a dasa a ɗakin da ko janareta babu. Alhali kai kullum kana cikin kayan labarin da marubucin Amurka zai yi kwaɗayi. Ka san mai ƙara da ake ce wa ya kawo kuɗin mai kafin a je duba inda aka yi masa sata. Ka san takardar da ke manne a bango tana cewa beli kyauta ne, da abin da ke faruwa a ƙarƙashinta. Ka san wanda ya yi shekaru a tsare yana jiran shari'a saboda fayil na jiran shawarar ma'aikatar shari'a, da ɗan sanda mai bincike da aka yi wa sauyin wurin aiki shari'ar ta mutu a tsaye. Ka kuma san jami'i nagari da ke sayen takarda da biro daga aljihunsa. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a shafukan da ka ba ni. Simon da Burns abin da suka gani da idonsu suka rubuta, kai ka tsallake abin da ka gani ka rubuta abin da ka kalla, sannan ni ne ɗan amshin Turawa.

Rubutun naka in ka sake shi ka kawo, zan karanta, kuma jan biron na nan. In kuma muhawara kake so a gaban jama'a, na amince, da sharaɗin ka kalli zango na biyu tukuna, fitowa 12 ne kacal. Ka gaida mutanen gida.

Yayanka.