Wasiƙa ga ɗana kan sayen fili a Badagry

Jos, Jihar Filato.

Ɗana Nura,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Saƙonka ya iso, na kuma fahimci niyyarka ta barin Abuja ka koma Badagry, ka sayi fili kusa da teku ka kafa harkar kifi. Ban hana ka ba. Garin yana da abin nema: ga iyakar Seme da Jamhuriyar Benin kusa, ga kwakwa, ga kifi, ga babban titin Sakkwato zuwa Badagry da aka ƙaddamar da aikinsa a 2024. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka biya kuɗin fili sai ka yi damina guda cur a garin, a gidan haya.

Daminar can ba irin tamu ba ce. Ruwa yana kankama daga Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo a Satumba da Oktoba. Dillali zai so ya kai ka fili a Janairu, lokacin da fadama ma ta bushe. Kai ka je washegarin ruwa mai ƙarfi a Yuni, gani ya kori ji. Ka duba katangar maƙwabta, za ka ga layin da ruwa ya tsaya, koren gansakuka a ƙasa, busasshen bango a sama. Ka sa a haƙa ramin mita ɗaya da safe. In ya tara ruwa kafin la'asar, to ciko na jiranka, kuma cikon yakan fi filin tsada. Fulotin Legas ƙafa 60 ne da 120, kusan murabba'in mita 670, ya fi namu na 50 da 100. Ɗaga shi da mita ɗaya zai ci sama da sahu 50 na tifa mai tan 20, ban da abin da zai zauna bayan an daddanne.

Sai takardu, inda aka fi cin kuɗin baƙo. Tun dokar filaye ta 1978 ƙasar jiha tana hannun gwamna, kuma gwamnatin Legas ta karɓe filaye masu yawa a gefen teku. Wani ɓangare ta yanka ta mayar wa ƙauyuka, ta buga a gazet, wato jaridar hukuma. Wani kuma ta ware shi don ayyukanta, wannan ko ka gina bene rusawa za a yi. Ka ɗauki safiyo naka, ba na mai sayarwa ba, ya auna filin a gabanka, a kai lambobin ofishin babban safiyon jiha a Alausa, Ikeja, a ga a wane rukuni ya faɗa. In an ce maka takardar yankan tana kan hanya, ka riƙe kuɗinka har ta iso. In filin yana da C of O, wato takardar shaidar mallaka ta gwamnati, lauyanka ya bincika sunan da ke kai, bayan ciniki kuma a nemi amincewar gwamna, domin ba tare da ita ba sayen bai cika a doka ba. In na gado ne, shugaban dangi da manyan gidan su sa hannu tare. Rasit na mutum ɗaya shi ke jawo masu filin da ake kira omo onile su dawo neman kuɗin fandesho, kuɗin rufi, kuɗin katanga. Legas ta yi dokar hana wannan a 2016, amma doka tana amfanar mai takarda ne. Ka biya ta banki, ka kewaye filin nan da nan.

Kada kyan bakin ruwa ya ruɗe ka. Ƙa'idar gini ta jihar ta ce a bar mita 150 daga teku, mita 50 daga tafkin da ke bayansa. A 2024 an rushe gine-gine a gaɓar Legas saboda titin Legas zuwa Kalaba, don haka ka tambayi inda sababbin hanyoyi za su bi.

Gini a can yaƙi ne da gishiri. Kada birkila ya kwaɓa siminti da yashin teku ko ruwan zartsi. Gishirin yana cin rodi daga ciki, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, kankare ya tsage ya riƙa zubowa daga ƙarƙashin dakin, wato rufin kankare. Ka sa a bar kaurin kankare milimita 50 tsakanin rodi da iska. Kafin fandesho a gwada ƙasa, injiniya ya faɗi ko shimfiɗar kankare ta bai-ɗaya za a yi. Rufi na alminiyam, da ƙusoshin da ba sa tsatsa, domin kwanon da ke shekaru a Jos can ba ya daɗewa. Ruwan rijiya yana kusa, amma kusancin shi ne matsalar: shadda tana iya tsiyaya cikinsa, in kuma aka ja shi da yawa na teku ya biyo. A kai shi ɗakin gwaji kafin yara su sha, ka kuma sa indararo da tanki don ruwan sama. Gidan sauro dole ne saboda jikokina.

Game da kifi, ka fara da saro, ban da jirgi, ban da ɗakin sanyi, sai ka ga yadda wuta take a unguwar. Kilo uku na ɗanye da ƙyar yake ba da kilo ɗaya na banda mai ƙarko, ka sa wannan da kuɗin itace a lissafi. Bandar da ba ta bushe ba tana fumfuna kafin ta iso kasuwar Jos, ƙwari kuma su shiga. Maganinsa a sake gasawa. Kada ka yarda a fesa maganin ƙwari a kan abin da mutane za su ci, Allah zai tambaye ka. Motar da ta kawo kifi ta koma da dankalin Bokkos da kabeji, ribar tana cikin tafiya biyun. In kwakwa ta ba ka sha'awa, doguwa takan kai shekara shida ko fiye kafin ta haihu, gajera uku zuwa huɗu.

Kada ka jingina jarinka duka da iyaka. An rufe ta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, masu kaya suka sha wuya. Hanyar Seme cike take da shingen kwastan, kada ka ɗauko wa kowa buhun da ba ka buɗe ba.

Garin na Egun ne da Yarabawa, sarkinsu shi ake kira Akran. Ka fara da shugabannin Hausawan garin su gabatar da kai ga mai unguwa, ka koyi gaisuwarsu, ka ɗauki 'ya'yansu aiki. Kashi ɗaya cikin uku na jarinka ya zauna a banki har ka ga ƙarshen damina.

In safiyo ya gama, ka turo mini hoton taswirar da sakamakon Alausa mu duba tare kafin ka sa hannu. Mahaifiyarka tana gaishe ku. Allah ya yi maka albarka, ya zaɓa maka mafi alheri.

Mahaifinka.