Gyara kan batun ƙarya da basirar ƙirƙira

Edita, a ba mu fili mu yi gyara kan wata magana da ake ta yayatawa, wai masana halayyar ɗan Adam sun tabbatar ha'inci yana buɗe ƙwaƙwalwa. Bincike biyu ne aka cakuɗa.

Na farko na Francesca Gino da Dan Ariely ne, a 2012. A irin wannan gwaji ana ba mutum takarda mai akwatuna 20, kowanne da lambobi 12, ya nemo biyun da za su haɗu su ba da 10, kamar 4.81 da 5.19. Mintunan da ake ba shi ba sa isa, kuma da gangan ne. Sai ya faɗi da kansa nawa ya warware, a biya shi kan kowanne, bai san akwai alamar da za a gane takardarsa ba. Sun ce masu ƙirƙira sun fi yi wa kansu ƙarin maki, domin mai saurin tunani shi ne mai saurin samo uzuri: "ai da an ƙara mini minti ɗaya da na gano ta." Ya ƙara biyu ko uku, zuciyarsa a kwance.

Na biyu shi ne ya juya maganar. A 2014 Gino da Scott Wiltermuth suka wallafa a mujallar Psychological Science cewa yin ha'incin ne ke ƙara basira. A ɗaya daga gwaje-gwajen, an ba mutane damar yin coge wajen cankar kwabo, sannan aka ba su minti ɗaya su lissafo abubuwan da za a iya yi da jarida. Sun ce masu cogen sun fi kawo amsoshi. A 2023 masu bincike uku na Data Colada, shafin intanet mai bin diddigin alƙaluman bincike, suka nuna cewa wasu layukan alƙaluman masu cogen ba sa kan tsarin da aka jera sauran, kuma su ne ke riƙe da sakamakon. Mujallar ta janye maƙalar a shekarar. Jami'ar Harvard, inda Gino take koyarwa a lokacin, ta ƙwace mata kujerarta ta dindindin a 2025, ko da yake ta musanta laifin.

Ko na 2012 ɗin muna ɗaukarsa da taka-tsantsan. Kuɗin da ake sa wa a gwajin ƙalilan ne. Muna roƙon duk wanda zai kawo binciken 2014 a shafinku ya sanar da mai karatu cewa an janye shi.