Wasiƙa daga Antuwaf

Assalamu alaikum Sani,

Ina fata kana lafiya, da su Hajiya da yara. Na san ka ƙullace ni, wata uku shiru. Ka yi haƙuri, tun da na sauka Beljiyam nake kai da komo tsakanin Burasal da bakin ruwa a nan Antuwaf a kan motocin Alhaji, sai jiya aka loda ta ƙarshe zuwa Kwatano.

Abin da ya sa na kasa barci sai na rubuto maka shi ne tashar jirgin ƙasan garin nan. Wallahi kai na fara tunawa. Na fito daga jirgi can ƙarƙashin ƙasa, na yi ta hawa bene, kwatsam sai ga ni a wani makeken zaure, sama wata ƙubba mai tsayin mita 75, haske na zubowa ta tagogi. Mabul da dutse sun fi kala 20, ja da toka da fari mai jijiya, tun daga daɓe har ginshiƙai da matakala. Na durƙusa na bi mahaɗar duwatsun da farce, mutane suna kallona, ban samu inda ya maƙale ba. An fara ginin a 1895 aka buɗe a 1905, shekara 6 kafin jirgi ya iso Kano. Ba injin yanka irin naka, amma ka ga layi ya miƙe ɗoɗar. Kai kuma da injin da komai, har yau ruwa na kwanciya a tsakar gidan Bala!

Mai zanen sunansa Louis Delacenserie. Rumfar ƙarfe da gilashi da jirage ke tsayawa ciki tsawonta mita 185, kuma bam ya taɓa ta a yaƙin duniya na biyu. Daga 1998 zuwa 2007 suka haƙa ƙarƙashinta suka shimfiɗa sabbin layuka ba tare da sun rushe tsohon ginin ba. Wannan ya fi komai burge ni.

Sai dai raina ya sosu. A zamanin Sarkin Beljiyam Leopold na biyu aka gina tashar, lokacin da roba da hauren giwar Kwango ke sauka a tashar ruwan garin nan, ana yanke hannun mutane a can saboda robar. Na daɗe zaune a kan matakalar ina wannan tunani.

Af, da gaske Ɗanlami ya ƙara aure? Matarsa ta farko fa, ta dawo? Kuma ka ce wa Isa injin da ya ce in duba masa ya yi tsada, ya dakata.

Na ɗauki hotunan ginshiƙan kusa-kusa don ka ga yadda suka haɗa kusurwa. In na dawo bayan Sallah zan kawo maka har shago.

Naka,
Habu