Zuwa ga Habu, daga Yamai

Yamai, 14 ga Janairu

Mutumina Habu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara, da zufar Kwatano. Mu nan hunturu ya kankama. Hazo ya rufe gari, har in ka tsaya bisa gadar Kennedy da safe da ƙyar kake hango ƙetaren kogi.

Ka ce in faɗa maka takamaiman abin da nake yi, tunda Inna ta ce maka na shiga "karatun taurari". Har da tsiyarka, wai in duba maka ranar sa'a. Ba kai ne farau ba. Da na je Tawa hutu, wata maƙwabciyarmu ta zo da goronta a leda, tana so in zaɓa mata ranar ɗaurin auren ɗiyarta. To bari ka ji: ni ƙura nake karantawa.

Tauraro yana samuwa ne idan wani ƙaton gajimaren iska da ƙura ya dunƙule, nauyinsa ya rufta da shi. Abin da bai faɗa ciki ba sai ya baje yana kewaya sabon tauraron, kuma daga nan duniyoyi ke fitowa. Tamu ma haka ta faro, shekara wajen biliyan 4.6 da suka wuce.

Ka tuna Kaza da Ƴaƴanta da muke ƙirgawa muna kwance bisa tabarma a tsakar gidanku? A wannan shiyyar ta sama akwai wani jinjirin tauraro, HL Tauri, da ido ba ya gani. Haskensa kan yi shekara kamar 450 kafin ya iso mu. A 2014 na'urar ALMA ta ɗauki hoton ƙurar da ke kewaye da shi. Kwanonin kama sigina ne guda 66 da aka girka a hamadar Atakama ta ƙasar Cile, bisa tudu mai tsayin mita 5,000. Ranar da na fara ganin hoton sai da na yi dariya, don faifan Inna ne sak, wanda take rufe ƙwarya da shi: zobe cikin zobe, da baƙaƙen layuka a tsakani. Masana da yawa na ganin duniyoyi ne masu tasowa suke share waɗannan layukan. Abin da ya ɗaure kai shi ne tauraron bai wuce shekara miliyan ɗaya ba, ke nan aikin ya fi saurin da aka zata.

Nan ne gizo ke saƙa. Ƙwayar ƙurar ta fi ta hazon nan ƙanƙanta. Tana cin karo da ƴar'uwarta su manne, a hankali su kai tsakuwa. Amma da sun doshi girman tulu sai lamari ya ɓaci. In sun yi karo sai su farfashe, kuma iskar da ke cikin faifan tana rage musu gudu, su gangara cikin tauraro a shekara ɗari ko makamancin haka. To ta yaya wasu suka tsira har suka zama duniya? Na yi wa Inna wannan bayani tana cikin cura fura. Ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Busasshen gari ai ba ya curuwa." Wallahi ta taɓo wani abu, don ana jin ƙurar da ƙanƙara ta lulluɓe, can nesa da zafin tauraro, ta fi saurin kama juna.

Kada ka zata ina kwana da ido a madubin hangen nesa. Ban taɓa taɓa shi ba. Bayanan ALMA ana sake su ga kowa bayan shekara guda, ni kuwa saukewa nake yi a kwamfuta, galibi da tsakar dare lokacin da intanet ke ɗan motsi. Shekaranjiya saura ƙiris ya gama aka ɗauke wuta. Na zauna cikin duhu ina jin sauro.

Makon jiya kuma na ga wani siririn zobe a faifan da malamina ya ba ni in auna. Kwana biyu ban yi barcin kirki ba, ina tuna yadda a 2018 aka ɗauki hoton wata duniya tana cikin tasowa kusa da tauraron PDS 70. Malam ya duba, ya sauya lamba ɗaya a lissafin tace hoton, zoben ya ɓace ɓat. Ya ce in sake daga farko, in rubuta kowane mataki a littafi. Ina kan shafi na 11.

In kana da mai zuwa Yamai, don Allah ka haɗo ni da ƴar na'urar ajiyar bayanai, ko ta hannu ce, tawa ta cika maƙil. Ka shafa mini kan yara, ka ce wa uwargida ban manta da alkawarin kilishi ba.

Naka,
Sani