A daina kashe kan inji saboda ramin fulogi

Assalamu alaikum Edita, ina yi maka fatan alheri tare da ma'aikatanka. Dan Allah a ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan uwana makanikai da kuma manoman rani, musamman na yankin Kura da Kadawa da Bunkure inda injin ban ruwa shi ne jarin mutum.

Maganar ramin fulogi ce. Da zarar tiredin ramin, wato haƙoran da ake murɗa fulogi a cikinsu, ya cinye, fulogi yana ta juyawa baya kamawa, sai ka ji an ce wa mai inji ai hed, wato kan injin, ya mutu sai sabo, ko kuma a naɗa wa fulogin waya ko zaren tef na famfo ko a shafa masa gam a cusa a ce jeka ka gwada. Wallahi wannan abu yana ci min rai, domin duka biyun cutar mai inji ne, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 manomi da kyar yake sayen fetur ɗin ma balle a ɗora masa kuɗin hed.

Kan injin nan alminiyam ne, shi kuwa fulogi ƙarfe ne, to idan aka yi gardama tsakaninsu alminiyam ne zai sha kashi. Yawanci hannunmu ne ke jawowa, yaro ya ɗora fulogi a karkace ya sa sufana tun daga farko yana ji yana tauri amma ya ci gaba da murɗawa, ko a kwance shi inji na da zafi, ko a ɗaure shi kamar ana ɗaure notin taya. Littafin injin Honda GX160, wanda yawancin injinan China da muke gani kwaikwayonsa ne, ya faɗa ƙarara a fara ɗaurawa da hannu har washa ta zauna, sannan in sabon fulogi ne a ƙara rabin zagaye da sufana, in tsoho ne kwata ko ƙasa da haka. Shikenan fa.

Shi kuwa naɗa tef ko gam ba gyara ba ne. Ta jikin tiredin nan ne fulogi ke sauke zafinsa zuwa hed, ta nan kuma wutarsa ke samun at, wato hanyar komawa jikin inji, ka ga in ka raba su da roba wuta ta yi rauni, fulogi ya yi zafi fiye da kima, iska na tsiyaya ta gefe inji ba ƙarfi, wata rana ma matsin ciki ya harbo fulogin waje, mutum na tsugune kusa Allah ya kiyaye.

Alhali akwai gyara na gaskiya. In haƙoran farko biyu ko uku ne kawai suka lalace, a bi ramin a hankali da tap, wato ƙarfen yanka tiredi, mai girman asali, na irin wannan inji milimita 14 ne mai tazarar milimita 1.25 tsakanin haƙora, sau da yawa ya miƙe. In kuwa ya cinye duka sai a faɗaɗa ramin a yanka sabon tiredi mai ɗan girma a sa masa riga ta ƙarfe, ko dai irin mai kama da sifirin da ake kira Heli-Coil ko kuma bushin mai tiredi ciki da waje, sai fulogi na asali ya koma mazauninsa. Ni na fi son bushin don bai cika biyo fulogi waje ba in an zo kwancewa, amma a lura tsawonsa ya zo daidai da na fulogin, na wannan inji milimita 19, kar ya leƙa cikin silinda. Kuma dole tap ya shiga a miƙe, in ya karkace washa ba za ta zauna ba an koma gidan jiya.

Wasu na yin wannan gyaran ba tare da sun sauke hed daga jikin inji ba, su cika tap da giris don ya kama ɓurɓushin, bawul a rufe. Yana yiwuwa, amma a ƙaramin inji da noti huɗu ne ke riƙe da hed ni dai shawarata a sauke shi a wanke tas, kuɗin gaskit bai kai na fistin da ringi da ɓurɓushi zai karce ba.

Roƙona ga 'yan kasuwar kayan gyara na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna su riƙa kawo waɗannan kayan da yawa, na 14 don injin ruwa da janareta, na 12 da 10 don babura, su sayar da bushin ɗai-ɗai yadda makanikin ƙauye zai iya saya. Iyayen gidanmu kuma dan Allah kar a miƙa wa sabon yaro sufanar fulogi sai ya iya ɗaura shi da yatsu tukuna.

Na gode Edita.

Naku,
Wani makanikin injin ban ruwa, daga Kura, jihar Kano.