Wasiƙa zuwa ga Babana a Manchesta, kafin ya sa hannu a takardar gida

Assalamu alaikum Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da iyalinka da ƙaninka. Mu nan sai godiyar Allah. Hajiyarka ta faɗa min lauya ya aiko muku takardun fulat ɗin, ginin ma ya kusa ƙarewa. Allah ya sa albarka, ya sa a shiga a sa'a. Amma ta haɗa da wata magana da ba ta yi min daɗi ba: wai za ku sa hannu a gida da daddare, kai da matarka, sannan ka aika wa kawunka na Bamingam ta gidan waya ya sa nasa a gurbin shaida, tunda likita ne, sunansa zai fi nauyi. In ba haka ba ne, ka yafe mana. In kuwa haka ne, ajiye biron tukuna ka karanta wannan har ƙarshe.

Abin da za ka saya haya ce ta dogon zango, ko shekara 125, ko 250, ko 999, ka duba naka ka gani. Ƙasar da gangar ginin na wani ne. Dokar Ingila ta 1925 ta ce hayar da ta wuce shekara uku sai an yi ta a takarda ta musamman mai shaida, dokar 2002 kuma ta ce wadda ta wuce shekara bakwai sai an kai ta ofishin rajistar filaye. Dokar 1989 ce ta faɗi yadda ake sa hannu a irin wannan takarda: mutum ya sa hannu a gaban shaida, shaidan kuma ya sa nasa yana tabbatar da ya gani. A gabansa, Babana. Ɗaki ɗaya, idonsa a kan hannunka lokacin da biro yake tafiya. Kiran bidiyo bai wadatar ba. Sassaucin da aka yi lokacin korona na wasiyya ne kawai, shi ma ya ƙare. Ko sa hannu ta kwamfuta da ofishin rajista ya fara karɓa a 2020, sai shaidan yana tsaye kusa da kai.

Mun saba da shaidu biyu a bashi da aure, to su a wannan takardar ɗaya ya isa, namiji ko mace, Musulmi ko wanda ba Musulmi ba, ɗan ƙasa ko baƙo. Ba sai lauya ba, ba sai likita ba. Muƙamin kawunka ba ya ƙara wa takardar ko ƙwayar zarra.

Wanda doka ta hana kai tsaye shi ne wanda yake cikin cinikin. Tunda sunan matarka yana kan takardar a matsayin mai saye, ba za ta yi maka shaida ba, kai ma ba za ka yi mata ba. Da ba ta ciki, doka ba ta haramta mata ba, amma ofishin rajista da kansa yana ba da shawarar a guje wa hakan. Ƙaninka ma haka. Dokar ba ta hana ɗan'uwa ba, ba ta ma yanke shekarun shaida ba, sai dai yawancin bankuna suna da nasu sharaɗin a takardar jingina: wanda ya kai shekara 18, ba dangi ba, ba mazaunin gidan ba. Shi kuwa dangi ne kuma da ku zai zauna. Wataƙila ma bankin ya ba shi tasa takardar ya sa hannu cewa ba zai yi da'awar haƙƙi a gidan ba in aka zo karɓar bashi. Ma'aikacin kamfanin da ke zaune a ofishin sayar da gidajen zai yi maka tayin shaida da fara'arsa. Ka yi masa godiya ka wuce, albashinsa daga wanda ya sayar maka yake fitowa. Ka nemi maƙwabci, ko abokin aiki, ko mafi sauƙi ku je ofishin lauyanku a yi a can.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mutumin da ya rubuta sunansa a ƙarƙashin kalmar da ke cewa an sa hannu a gabansa, alhali yana wani gari, me ya yi? Shaidar zur ya yi, kuma kai ka sa shi. Ka san matsayinta a addini, ba sai na karanto maka ba. Za ka ce ai ba wanda zai sani. Gaskiya ne, ma'aikacin rajista ba ya ganin ɗakin da aka zauna, takarda kawai yake gani. Abin yana kwanciya ne shekara da shekaru, sai ranar da aka sami saɓani da banki, ko da kamfanin kula da ginin, ko rabon gado, lauyan wancan ɓangaren ya kira shaida ya tambaye shi ina yake ranar. Sannan kawunka ya zaɓa, ko ya sake yin ƙarya a gaban alƙali, ko ya tona ka. Likita ne, kuma hukumar likitocin can ba ta wasa da rashin gaskiya ko da ba a asibiti aka yi shi ba. Lasisin da ya sha wahala ya samu za ka sa a caca don ƙyuyar ƙwanƙwasa ƙofar maƙwabci? Kuma bankin da ya saki dubban fam bisa takardar da ka san an yi mata ƙarya, yana da bakin da zai kira abin zamba. Kada wani mai rabin ilimi ya kawo maka hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila na 2001, inda shaida bai kasance a wurin ba amma aka ce takarda ta ci. Abin da kotun ta ce shi ne waɗanda suka sa hannu ba su isa su fake da wannan aibin su guje wa biya ba. Wato nauyin yana kanka ko ta yaya, kariyar ce kake zubarwa.

Na san kuna cewa na cika tsanani a kan takarda. Ku ce. Kai dai ka ga yadda maganar gidan Gwammaja ta ƙare, ka ga waɗanda har yau ba sa gaisawa, ban kuma zaci daga gidana za a ji irin wannan dabarar ba.

To ga yadda za ku yi. Baƙin biro. Kowannenku ya sa hannu yadda yake a fasfonsa, shaida yana kallo. Mutum ɗaya zai iya yi muku shaida ku biyu, amma ya sa hannu sau biyu, a ƙarƙashin kowane suna, nan take kafin kowa ya tashi. Ya rubuta cikakken sunansa da manyan baƙaƙe, da adireshinsa har da lambar unguwa, yadda za a iya karantawa. Rubutun da ba ya karantuwa yana sa ofishin rajista ya dawo da tambaya, lauya ya shiga neman shaida bayan watanni. Kada ku rubuta kwanan wata, lauya ne zai sa ranar kammala ciniki. Kada ku goge komai da farin ruwan gogewa. In an yi kuskure ku kira lauyan kafin ku taɓa. Taswirar fulat ɗin da ke maƙale, ku duba lambar ƙofa da wurin ajiye mota sun yi daidai, ku sa hannu inda ya yi muku alama. Kada ka yarda ka sa hannu a shafin ƙarshe shi kaɗai a ce za a haɗa da sauran daga baya, sai takardar tana cikakkiya a gabanka. Yarjejeniyar sayen ita ba ta buƙatar shaida, takardar haya da ta jingina su ne masu buƙata, kada ka rikita su.

Kuma kada ku ja lokaci. In kamfani ya aiko sanarwar gini ya kammala, yawanci kwana goma na aiki ake bayarwa, tayin banki kuma galibi wata shida yake yi. In takarda ta dawo don aibin shaida a wannan ƙurarren lokaci, ruwa zai hau kan sauran kuɗin, in abin ya yi nisa kafin alƙalamin da kuka biya ma yana cikin haɗari. Tunda kana karantawa, duba kuɗin ƙasa na shekara, wato wanda ake biyan mai ƙasar: tun ƙarshen Yunin 2022 doka ta hana karɓarsa a sabuwar doguwar hayar gidan zama. In ka ga adadi a wurin, tambayi lauya.

Ban yi fushi da kai ba. Sayen gida a ƙasar mutane da guminka ba ƙaramin abu ba ne, ina alfahari da kai ko da ban cika faɗa ba. In ka riga ka yi wa kawunka maganar, bar min shi, ni zan kira shi. Ka gaishe da 'yata da yara, ka ce wa ƙaninka Hajiya tana cigiyarsa. Ranar da za ku je wurin lauya ka sanar da ni.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka